Tafintan da Ba a Nema Ba

Shekarar da kumburi ya fito a muƙamuƙin ɗiyar yayana, ina koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye kusa da Karofane, inda ake ce wa malamin boko Mushe, kuma a gidanmu ni kaɗai ke jin Faransanci. Yarinyar tana da shekara goma. Daga asibitin Buza aka tura ta da iyayenta Madawa, daga Madawa aka ce sai Yamai. Ba wanda ya roƙe ni rakiya. Na dai saka kwat cikin zafin bazara na bi su.

Likitar mace ce mai tabarau. Muna shiga na zuba mata gaisuwa doguwa da Faransanci, ita ma ta amsa da shi. Ta ce ciwon daji ne, amma irin mai jin magani. Na juya wajen yayana na ce, "Ta ce ɗan ƙari ne."

Ta ce maganin zai sa amai, gashi zai zube duka, kuma za a kwashe watanni. Na dubi sabon kitson yarinyar, zuciyata ta karaya. Na ce, "Za ta ɗan ji tashin zuciya, gashin kuma zai ɗan huta."

Yayana mutum ne mai tsoron ofis. Tuni ya miƙa babban yatsa yana neman tawada, zai dangwala wa takardar amincewa.

Likita ta kife takardar, ta cire tabarau.

"Mushe," in ji ta da Hausar Adar tsantsa, "gashi ba shi hutawa. Zubewa shikai."

Ashe 'yar Keita ce. Zufa ta keto mini har cikin takalmi.

Ta ce ba ta karɓar yatsan wanda bai san abin da yake dangwala wa ba. Ta sake bayani tun daga farko, mai daɗi da marar daɗi. Matar yayana, wadda tun Madawa ba ta ce uffan ba, ta gyara zama.

"Likita, in munka ƙiya fa?"

"Kumburin ƙaruwa zai yi, Inna, har shi hana ta ci."

"In munka fara, damana ta faɗi, mu tai gida mu dawo?"

"A'a. Yanke magani tsakiya shina da hatsari ƙwarai."

Matar yayana ta dubi mijinta. "To, ni in zauna da ita, shi ya koma gona."

"Ni fa ban ce komi ba tukuna," in ji yayana.

"To, Malam, ce."

Ya yi gyaran murya. "Abin da ta ce."

Sai likita ta durƙusa gaban yarinyar ta tambaye ta ko tana da magana.

"Allurar da zafi?"

"Da zafi."

Yarinyar ta nuna ni da baki. "Shi ya ce kamar cizon sauro." Ta ɗan yi tunani. "Na yarda. Amma ke za ki riƙa gaya mini, ba Baba Mushe ba."

Uwa da uba suka dangwala. Ni aka ba ni riƙon buta.

Yarinyar ta sha wuya ƙwarai. Akwai ranar da na je dubiya na tarar ko ruwa ba ya zama a cikinta, na fita bayan ɗaki na yi kuka. Amma ba su yanke magani ba ko sau ɗaya.

Sun dawo bayan an gama sa hatsi a rumbu. Ta rame, muƙamuƙi ya koma daidai. Tana sauka daga mota ta wuce 'yan barka, ta nufi turke, ta dawo tana tambayar wa ya bar akuyarta ta lalace haka.