Baba da 'Yar Tauraruwa Mai Wutsiya

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bukar, malamin firamare a unguwar Abbaganaram. Allah Ya jiƙansa.

An haife ni a 1957, a makon da tauraruwa mai wutsiya ta bayyana. A makon kuma kakana ya rasu. Shi ke nan fa, aka yanke mini hukunci tun ina cikin zanen goyo, wai da mugun ƙashi na zo. Yayar Baba, Ya Falmata, ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna. Ina shekara bakwai aka hana ni shiga ɗakin wata mai jego a gidanmu. Na yi kuka har na shiɗe, wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Baba bai yi faɗa da kowa ba. Da sanyi ya shigo, a kwanakin da taurari ke yawan zubowa, sai ya tashe ni kafin asuba, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai ƙofar Ya Falmata. Ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce mini:

"Hajja, kin ga motar gyada in ta wuce, tana zubar da 'ya'ya a hanya? Haka masu wutsiya suke barin tsakuwa da ƙura a bayansu. Duk shekara duniya tana ratsa wurin, sai ƙurar ta kama wuta a sama. Ba ruwansu da kakanki. Ajalinsa ne ya zo."

Daga ciki Ya Falmata ta ce, "Bukar, boko ya lalata ka!"

Ya ce, "To Yaya, baɗi ma a nan za ki same mu." Haka kuwa aka yi, kowace shekara.

Yanzu ga waya a hannun kowa, amma da an ga wutsiya a sama sai saƙonni su yi ta yawo, wai wani babba zai mutu. Haba jama'a! Da Baba yana raye, na san tabarmarsa zai ɗauko.

Bai bar mana gida ko gona ba. Taurin kai ya bar mini, kuma na gode. Ya Falmata ta tsufa a wurina. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ba ta shan kunun kowa sai wanda na dama da wannan hannun.