Direbar da Ta Ƙi Fita Cikin Hazo

Shekara tara Muriel Thackray ta yi tana tuƙa motar makarantarmu a Thornsgill, kuma ni ne na rubuta takardar da ta raba ta da aikin. A lokacin ni ne hedimasta.

Mahaifinta ne mai ba jiragen ƙasa hannu a mahaɗar da ke bakin kwarinmu. Kowa ya san cewa a Yaƙin Duniya na Biyu tana cikin matan da suke ɗauko sababbin jiragen yaƙi daga masana'anta su kai wa sojojin sama, amma ita ba ta yin zancen. Doguwa ce mai ƙarancin magana, kuma ba ta taɓa makara ba. Aibinta ɗaya ne: idan hazo ya sauko kwari, ba ta tayar da mota. Ba ta kuma ƙi a ɓoye. Sai ta tsaya tsakiyar gareji, a gaban sauran direbobi, ta ɗaga murya ta ce, "Ni dai yau ba ni fita."

Wata safiya a watan Fabrairun 1961, yara goma sha huɗu za su haura tsauni zuwa gari domin jarrabawar shiga sakandare. Hazo ya rufe har hasumiyar coci. Na isa gareji na tarar ta riga ta faɗi kalmar tata, Wilf Hebden, direban motar kasuwa, yana yi mata tsiya.

"Haba, uwar jirage," in ji Wilf, "ke da kika yi yawo a sama, wannan akwalar ce za ta gagare ki? Ko a can ma tura jiragen kuke yi?"

"Wilf, ka sha shayinka kafin ya huce," in ji ta.

Na roƙe ta, na gaya mata jarrabawar sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ta ce, "Na sani, Malam. Ba ni fita." Wilf ya kwashi yaran, ya kai su, ya dawo da su lafiya ƙalau. A ranar na rubuta wa ofishin ilimi, kuma bayan mako uku amsa ta zo cewa aikinta zai ƙare a ƙarshen wata.

Ranar da ta kawo makullai ofishina, na zuba mata shayi, na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun kafin in rubuta takardar. 

Ta ce a wancan aikin ba a ba su rediyo, ba a ba su makami. Ƙasa da gajimare suke tafiya, taswira a kan gwiwa, suna bin layin dogo da ido. Doka kuwa ita ce babu mai tilasta wa matuƙi tashi idan gari bai yi kyau ba, kowa shi ke yanke wa kansa. Sai dai duk a ɗaki ɗaya suke zaman jira, suna leƙen taga. Da zarar mace ɗaya ta miƙe ta ɗauki lemarta ta dirowa daga jirgi, sauran ba sa iya ci gaba da zama, don kada maza su ce mata sun ji tsoro.

A watan Janairun 1943 aka ba su jirage biyu su kai arewa, ita da ƙawarta Enid Cawood, 'yar London, kuma hanyar ta wannan kwarin namu ce, filin tashin ma ba shi da nisa da nan. An yi hazo. Enid tana saƙa safa, ta ce, "Ke 'yar ƙauye, wannan ne garin naku da kike cika mana baki da shi? Ni ko hancina ba na gani." Muriel ta yi dariya. Ta san kowace kwana ta layin tun tana kai wa mahaifinta abinci, don haka ta miƙe ta fita.

"Akwai wurin da layin yake shiga rami a cikin tsauni," in ji ta. "Kafin nan sai ka karkata hagu ka ɗaga sama. Ni ban ma san na san haka ba, balle in gaya wa wani. Na sauka lafiya inda aka aike ni, aka sa mini hannu a takarda, na zauna jiran jirgin da zai mayar da ni. A nan aka ce ai Enid ta taso bayana da minti goma."

Bayan kwana uku wani makiyayi ya ga tarkacen jirgin a saman bakin ramin.

"Ban ce ta biyo ni ba, Malam. Miƙewa kawai na yi. Shi ya sa yanzu nake faɗa da ƙarfi, don duk mai jin tsoro ya ce ai Muriel ma ta ƙi."

Na ce zan sake rubuta wa ofishin in janye ƙarata. Ta dube ni ta ce, "Baɗi ma in an yi hazo ranar jarrabawa, ba zan fita ba. Ka yarda?" Na yi tunanin yaran da za su shiga ajin ƙarshe. Ta ajiye makullan kusa da kofinta, ta yi mini godiyar shayi, ta tafi. Ban rubuta takarda ta biyu ba.

Ta koma aikin guga a wani gidan wanki a gari, har ta rasu a 1974. Mu goma sha ɗaya muka raka ta makabarta, har da wasu tsofaffin mata biyu daga kudu waɗanda suka yi aikin jirage tare da ita. Ɗayarsu ta tambaye ni me Muriel ta yi da rayuwarta bayan yaƙi. Na ce direbar makarantarmu ce. Sauran ban gaya mata ba.