Mai Shuɗiyar Ƙofa

Nabawiyya ba ta san tsohon ba. A bakin tekun Baltim take ganinsa, cikin mutanen da suka fito kafa shingen kara, wanda zai riƙa tare yashi har ya zama tudu tsakanin ruwa da gari. Ya naɗe jallabiyarsa zuwa gwiwa, ƙafafunsa sun yi furu-furu da gishiri, tafin hannunsa duk kanta. Masunci ne, ta ce a ranta, kuma da alama babu mace a gidan, don ba wadda za ta bar miji ya fito da yagaggen aljihu haka.

Ba ya hira da kowa. Yana soka kara, ya take gindin da diddige, ya girgiza ya ji ko ya kafu.

"'Yata, riƙe min nan," ya ce mata.

Ta riƙe. "Alhaji, ina ne gidanka?"

Ya nuna da haɓa. Wata shuɗiyar ƙofa ce can gaba, a bayan shingen, ta ɓangaren teku.

Ranar taron unguwa an ce karan ba zai isa ko'ina ba. Nabawiyya ce ta yi ta ɗaga murya har aka zaɓi a kare gonakin gwaiba, aka bar gidaje uku na bakin ruwa. Ko tambayar na su wane ne ba ta yi ba.

"An ce wata mata ce ta kafe," ya ce yana ƙulla igiya. "Allah ya sa gwaibarta ta yi zaƙi. Riƙe da kyau, 'yata, yana karkacewa."

Karan ƙalau yake. Ita ce ta sassauta riƙon, idonta na kan shuɗiyar ƙofar.