Man Shanu a Hannun Sale

Har gobe ina jin warin man shanun nan idan na tuna ranar da robarmu ta daina aiki. Shekarar babban fari ce, zamanin soja, ina ƙaramin ma'aikacin jinya a likitar Matameye, wato asibitin garin.

Muna da wata na'ura mai batir ta tayar da tsokar da ta mutu. Tana da baƙar roba guda biyu kamar tafin hannu. Ba irin ta takalmi ba ce, an gauraya ta da baƙin gari mai kama da gawayi, don haka lantarki yana ratsa ta. Ka jiƙa ta da ruwa, ka ɗaure a jikin majiyyaci, ka kunna. Biyun nan kaɗai gare mu.

Sale mai haƙar rijiya ne daga wajen Yauri. Dutse ya faɗo masa a dantse, hannun dama ya langaɓe. Gona ba ta ba da komai ba, hannun nan ne abincin gidansa. Da muka fara ɗaura masa robar, yatsunsa suna motsi, har nakan tsokane shi, "Sale, kai da rijiya sai mutuwa!"

Sannu a hankali motsin ya ragu, ranar nan ya tsaya cak. Na canja batir, shiru. Majo, shugabanmu, ya karɓi robar ya murza, ya sunsuna. Ta kumbura, sai santsi.

"Wa ke shafa masa mai?"

Matarsa Hadiza ta matso. "Ni ce, Majo. Haka ake yi wa ɗori. Wallahi ko a tuwon yara ban sa ba, duk na hannun ne."

Ashe kullum da safe sai ta mulke hannun da man da ta roƙo wurin Fulani. Mai kuwa idan ya shige robar nan, ya toshe wa lantarki hanya ke nan.

Majo ya nemi sabuwa daga Damagaram. Aka ce motoci duk sojoji sun kwashe su rabon hatsi. Kafin ta iso, yatsun Sale sun ƙandare.

Ranar sallama Hadiza ta tare ni a ƙofa. "Ɗan'uwana, gaya mini gaskiya, ni na kashe hannun?"

Na ce mata fari ne ya kashe shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ku yara masu koyon aikin nan, mutanenmu ba sa kawo majiyyaci sai sun yi masa iya ƙoƙarinsu a gida. Shi ya sa har na bar aiki, ban ƙara ɗaura wa kowa roba ba sai na sunsuna fatarsa, na tambayi matarsa.