Namijin Dabinon Tsakar Gidanmu

A Tambuwal, shekarun da ake shirin karɓar mulki daga hannun Bature, akwai waɗansu maza da suka mayar da ƙwallon dabino abin ado. Ba manoma ba ne. Ko fartanya ka miƙa wa ɗayansu sai ya tsaya neman inda ake kamawa. Akwai akawun En'e, wato hukumar gargajiya, akwai malamin asibiti, akwai hedimasta, sai babbansu, wani Alhaji mai fataucin goro, wanda a zaurensa ake zama ranar Juma'a bayan la'asar. Kowa ya zo da ɗan ƙullinsa a tsumma, a baje a faifai, a yi ta juya ƙwallaye ana gardama. Wannan na Bilma ne, wannan na Azbin, wancan wai daga Masar wani ya ɓoyo shi cikin rawani. A saya, a sayar, a yi musanya. Abin da kowa ke tofarwa a bakin hanya, shi ne manya masu gemu ke shinshinawa suna yi masa ciniki.

Ni matar tela ce. Mijina mutumin Kebbe ne, ya zo Tambuwal da keken ɗinkinsa ya kama rumfa a kasuwa, daga baya aka ba shi ni. Mutum ne mai haƙuri, mai kyan hannu, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Lagonsa ɗaya ne: yana so a lissafa shi cikin mutanen zauren nan. Shi ke ɗinka musu riguna, saboda haka ba su hana shi zuwa, amma wurinsa bakin ƙofa ne, inda ake tuɓe takalma. Suna da doka, wai ba a matsa wa mutum a kan tabarma sai ya kawo akushi cike da dabinon bishiyar da ya shuka da hannunsa. Ran nan ne ake ce masa bismilla, ran nan ne kuma ƙwallayensa ke yin daraja. Wurin zama a kan tsohuwar tabarmar kaba, shi ne abin da mijina ya sa a ransa har ya mutu.

Wata shekara Alhaji ya dawo daga Makka da ɗan buhun dabinon Madina. Bai raba ba. Ya zauna ya cinye abinsa shi kaɗai, ya wanke ƙwallayen, ya shanya, ya sa su kasuwa. A lokacin muna da rago a turke, ni na yi kiwonsa da dusa da harawa don layya. Wata safiya na fito na tarar da turke babu kowa, Malam, mijina, kuma yana tsaye yana murmushi da wani abu a tafin hannu.

Na ce, "Malam, ina ragonmu?"

Ya buɗe hannu. Ƙwallo ɗaya ne, ɗan siriri.

"Ragon layya? Kan abin da wani yat tsotse yat tofar?"

Ya ce, "Ke dai ba ki sani ba. Wanga na Madina na. Bari ki ga ranar da za ni ɗaukar akushi in shiga zauren nan."

A makon nan ya sayo akushi sabo, baƙi wuluk, ya kife shi a kan randar da ba mu amfani da ita, ya ce kada kowa ya zuba tuwo a ciki. Layyar shekarar sai maƙwabta suka aiko mana da nama. Na karɓa, na yi godiya, na shiga ɗaki na yi kukan takaici.

Ya shuka ƙwallon a kusa da rijiya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Gaskiya ya yi masa bauta. Kafin ya tafi rumfa sai ya ba shi ruwa, in ya dawo kafin ya tambayi abinci sai ya tsuguna ya duba ko sabon ganye ya fito. Da rani rijiyarmu takan ja baya, sai ya rage ruwan wankansa ya ba bishiya. Ni ma da nake zagin abin, in ya yi tafiya Kebbe gaida danginsa, ni nake shayar da ita, don ba na son ganin fuskarsa in ya dawo ya tarar ta yi yaushi. Bishiya kuwa ta yi kyau, ta fi na mutanen zaure duka kauri da tsawon ganye. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, ana ta siyasa a gari, motoci na yawo da lasifika, shi dai ba ruwansa.

Da ɗarin da ya biyo bayan sauke tutar Bature, bishiyar ta fitar da fure na farko. Malam ya je ya gayyato mutanen zaure. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na shige ɗaki ina leƙen su ta bayan asabari. Alhaji ya zagaya bishiyar, ya yi ɗage ya kamo furen da ya fi kusa da ƙasa ya girgiza, wani farin gari ya zubo masa a hannun riga.

Ya ce, "Tela, namiji na."

Sai akawu ya fashe da dariya, sauran suka bi. Hedimasta har da tari.

A ranar na fahimci abin da su suka sani tun farko. Dabino akwai mace akwai namiji. Mace ce ke yin 'ya'ya, namiji fure kawai yake yi, kuma ba mai iya duban ƙwallo ya ce ga abin da zai fito. Caca ce suke yi, sun lulluɓe ta da sunayen garuruwa masu tsarki. In ɗayansu ya ga tasa ta fito namiji, da sauri yake sa gatari kafin labari ya kai zaure, don kada a yi masa irin dariyar da suka yi wa mijina. Alhajin da ya karɓi rago sukutum ya san haka, bai kuwa gaya masa ba.

Bayan sun tafi Malam ya daɗe zaune a bakin rijiya. Na ce ya sare ta mu huta. Ya girgiza kai.

"Ba ta yi min laifin komi ba. Ni nis shuka ta."

Daga nan ya samu sabon suna a zaure, wai Mai Ango. In ya yi sallama sai a tambaye shi ko angon ya tashi lafiya, ko an samo masa amarya. Yakan yi dariya tare da su, ya zauna wajen takalma. In ya dawo gida yana ba ni labari yana ƙoƙarin nuna wasa ne, ni kuwa jinina na tafasa.

Ga inda rashin kunyarsu ta fito fili. Macen dabino ba ta cika 'ya'ya sai an ɗaura mata furen namiji a cikin nata. In ba haka ba, sai ta yi waɗansu ƙanana marasa daɗi, su zube tun ba su nuna ba. Da yake sun sare mazan nasu don gudun gori, a da sai sun jira Buzaye masu raƙuma sun kawo musu busasshen fure, su saya da tsada, wani lokaci ma ya riga ya mutu. Yanzu ga ɗanye a cikin gari. Ko mako ba a yi da dariyar ba, sai ga akawu a ƙofar gidanmu da sanyin safiya, murya ƙasa-ƙasa, wai ko tela zai ɗan yanko masa reshe biyu. Bayansa malamin asibiti. Alhaji shi bai zo da kansa ba, aike ya yi. Malam ya hau tsani, ƙaya tana yagar masa hannu, hannun da muke ci da shi, ya yanko ya naɗe musu a ƙyalle mai tsabta. Ko goro ɗaya ba wanda ya ba shi.

Shekarar dabinonsu ya yi nono manya-manya, har sai da aka tokare da sanda. Ranar Juma'a kuma suka tambaye shi lafiyar ango.

Haka aka yi ta yi kowane ɗari. Na ce masa, "Malam, ka hana su mana! Ko kuwa ka ce su ba ka ɗan da ka fitowa gindin macen." Don na ji cewa ɗan tsiron da ke fitowa a gindin uwa, in an cire an dasa, mace yake zama ba tantama. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya daure ya roƙi Alhaji. Alhaji ya ce masa ai ɗan gindi ba ya fita sai tsakanin mutanen tabarma, al'ada ce, ba shi ya kafa ta ba. Wato ba za ka hau tabarma ba sai kana da mace, ba za a ba ka mace ba sai kana kan tabarma. Da ɗari ya zagayo, Malam ya sake hawa tsani. Ya ce in ya hana su, wace fuska zai shiga zauren da ita.

Wata rana ya dawo daga Kebbe jikinsa a sanyaye. Ya ce a kasuwa ya tarar da dillalin Alhaji ya baje faifai, mutanen Fakku da na ƙauyukan kewaye sun yi masa zobe. Ƙwallayen dabinon zaure ne yake sayarwa, yana kirari cewa ubansu ɗan Madina ne tsantsa, shi ya sa suka fi na kowa tsada. Ba a ambaci gidan da uban yake tsaye ba. Na ɗauka ranar idonsa ya buɗe. Na gyara zama ina jiran in ji ya ce ya bar su har abada.

Sai ya ce, "Kin gani, in na samu guda cikinsu, wataƙila ta fito mace."

Wallahi ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Ɗan bishiyarsa, wanda ya hau tsani ya ba su kyauta, shi zai je ya saya. Ya kuwa saya. Wata da watanni yana yi wa Alhaji aikin babbar riga mai aska, da zare da allura, idonsa har ya fara ruwa, aka ba shi ƙwallo ɗaya a madadin ladan. Alhaji ma har da zaɓar masa, wai wannan yana da alamar mace. Ya shuka shi a ɗaya gefen rijiyar, ya sake kewayewa da ƙaya, ya sauko da akushin nan ya goge ƙurar ya mayar.

Bai ga furenta ba. Ciwon ƙirji ya kama shi da damina, kafin kaka ya rasu. Mutanen zaure sun zo gaisuwa cikin rigunan da ya ɗinka musu. Akawu, bayan addu'a, ya sa aka tambaye ni ko dai za a ci gaba da ba da furen kamar yadda marigayi ya saba. Na ce a gaya masa mai hawa tsanin ya mutu. Suka koma jiran Buzaye.

Na ci gaba da shayar da ƙaramar, ba don ina son dabino ba. Bayan an raba Jihar Arewa, En'e ta fara rasa ƙarfi, akawu ya fara yawo a ƙasa ba abin hawa, sai ga ta ta yi fure. Mace ce. Ba wanda ya ɗaura mata komai, uban yana tsaye kusa da ita, iska ta yi aikin. Da bazara ta nuna, baƙi-baƙi, mai laushi, zaƙinsa har maƙogwaro. Na tsinki ɗaya na sa a baki, sai ga ni ina kuka.

Labari bai kwana ba. Alhaji, ya tsufa amma kwaɗayin na nan, ya aiko matarsa. Wai wannan dabino Madina ce gaba da baya, ba a taɓa samun irinsa a ƙasar nan ba, in tara masa ƙwallayen kada ko ɗaya ya ɓata, zai saya yadda na ce. Wai kuma ai tela nasu ne, kullum suna tunawa da shi. Na ce ta gaya masa ina zuwa ranar Juma'a.

Ranar da hantsi na sauko da akushin Malam na wanke. Na zauna a bakin rijiya ina tsaga dabino ɗaya bayan ɗaya, ina zare ƙwallon, ina mayar da bakin in haɗe. Sai da akushi ya cika ya yi tozo. Ƙwallayen na zuba a turmi na daka su lilis, na gauraya da dusa na ba awakina. Bayan la'asar na yafa mayafi na ɗauki akushi a ka.

Na yi sallama a ƙofar zauren, daidai wajen takalman, inda ya yi shekaru yana zama. Duk suna nan, da faifansu a tsakiya. Na tsuguna na tura akushin gabansu. Alhaji ya yi bismilla ya ɗauki ɗaya ya matsa da yatsa. Ya ɗauki na biyu. Ya tura hannu har ƙasan akushin yana lalube.

"Hajiya, ina ƙwallayen?" Ni da ban taɓa zuwa Makka ba, ranar na zama Hajiya.

Na ce, "Awaki sun ci. Alhaji, ku kunka ce akushi cike da dabinon da mutum yash shuka da hannunai. Ga shi nan. Ku matsa mishi."

Suka dubi juna. Akawu ya yi wata 'yar dariya, ba wanda ya taya shi. Ni kuwa ina tsugune, ban da niyyar zuwa ko'ina. Hedimasta ne ya fara jan rigarsa ya gusa, malamin asibiti ya bi, har wuri ya buɗe a kan tabarmar daidai zaman mutum ɗaya. Na miƙa hannu na jawo akushin daga gaban Alhaji, na ajiye shi a wurin, na tashi na koma gida ba da awakina ruwa.