Shekara Ɗaya a Fayil ɗin Auta

Mai Hatimi ya yi shekara ashirin da bakwai a ofishin wasanni na jami'a, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya yi gudu, ko da ruwan sama ya tsuge. Ofishinsa ɗaki ne a ƙarƙashin matattakalar filin wasa: tebur ɗaya, kabad ɗin ƙarfe da ba ya buɗuwa sai an harbe shi da ƙafa, da fanka mai juyawa in ta ga dama.

Aikinsa tantance 'yan wasa. Duk bayan shekara biyu hukumar wasannin jami'o'i ta duniya kan shirya gasa. Ita ke aiko da dokoki ga hukumar ƙasa, hukumar ƙasa ta tura wa jami'a, jami'a ta miƙa wa darakta, darakta ya ajiye a teburin Mai Hatimi bai karanta ba. Sharuɗɗa biyu ya fi riƙewa: dole ɗan wasa ya kasance ɗalibi na gaske, kuma kada ya wuce shekara ashirin da biyar.

A nan ya yi suna. Ya taɓa mayar da wani ɗan wasan jifan mashi wanda takardarsa ta ce shekararsa ashirin, alhali ɗansa na fari yana sakandare. Masu horarwa sun roƙe shi, sun zage shi a bayan ido. Amsarsa ɗaya ce: "Ni ba mutum nake dubawa ba, takarda nake dubawa."

Sai autarsa ta shigo jami'ar, ta zama mai gudun mita ɗari takwas. A shekararta ta ƙarshe ta zo ta ɗaya a gasar ƙasa, aka sa sunanta cikin masu tafiya. Fayil ɗinta ya iso teburinsa kamar na kowa. Ya buɗe, ya yi lissafi sau uku. Ashirin da shida.

Ya san inda ƙarin shekara ɗayan ya fito. Tana da shekara biyar ta riƙa kuka kullum safe idan yayyenta sun tafi makaranta, hedimasta kuwa ya ce sai mai shida. Mai Hatimi da kansa ya cike fom, ya ƙara mata ɗaya. Shekarar ta bi ta daga firamare har fasfo.

Da yamma matarsa ta ciro katin asibiti na haihuwar Auta daga ƙasan akwati, ya yi ja saboda tsufa, ta ajiye a gabansa.

"Ga gaskiya nan, Malam. Ni na haife ta, ba hedimasta ba."

"Bara waccan na mayar da ɗalibi da irin katin nan," in ji shi. "Ya rantse, ya yi kuka."

"Shi ba ka san gaskiyarsa ba. Wannan kana tsaye a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, kana ta zufa kamar kai ne mai naƙudar."

Auta tana zaune a kan tabarma tana kwance igiyar takalminta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, shekarata nawa?"

"Ashirin da biyar."

"To ka rubuta mana."



Washegari mai horar da ita ya shigo ofis ko sallama babu. "Haba ranka ya daɗe, kowa rage shekara yake yi, kai kaɗai ne a duniya ka ƙara! A sake mata fasfo, ka buga hatiminka. Wa zai sani?"

"Wanda na mayar bara waccan zai sani."

Ya ɗauki biro ja, ya rubuta "ta wuce shekaru" a gefen sunanta, ya sa hannu da kwanan wata. Rubutun ya fito da kyau, kamar kullum. Wadda ta zo ta biyu ce ta tafi, aka fitar da ita a zagayen farko.

Darakta ya yaba masa a taron ma'aikata, ya kira shi madubin gaskiya, aka tafa. Ba a gaya wa daraktan wanda ya cike fom ɗin firamare ba.

Bayan shekara biyu ya yi ritaya. Auta tana koyar da lissafi a wata sakandare yanzu, ta daina gudu. Duk ƙarshen mako takan zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ciwon gwiwarsa, ta jira ya amsa, sannan ta shiga ɗakin mahaifiyarta ta zauna har magariba.