Malam Kusurwa da Robar Tebur

Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi, har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Kusurwa. A allo babu mai ja da shi. Amma a teburin sunuka, wasan tura ƙwallo rami da sanda, da ke bayan shagon aski, shi da kansa yakan ce jaki ne mai takardar shaida.

Abokin karawarsa mai askin ne, wanda ko aji uku bai gama ba. Shekara goma sha tara suna bugawa duk la'asar, Malam bai taɓa cin sa ba. Inda yake faɗuwa guda ne: duk sanda ƙwallo sai ta daki gefen tebur kafin ta nufi rami. Sai ya tsuguna, ya kanne ido, ya auna da sanda, ya sanar wa jama'a cewa yadda ta shiga haka za ta fito. Sannan ya maka mata duka kamar ta zagi mahaifinsa. Ta dawo a tsukakkiyar kusurwa, ta bar rami can gefe.

"Teburin nan a karkace yake," in ji shi. Sau biyu yana kawo ma'aunin magina, tebur kuwa lafiya lau.

Da mai aski ya ce idonsa ya yi rauni, zai koma wurin 'yarsa a wani gari, hankalin Malam ya tashi. Wasa ɗaya ya rage masa a duniya.

Ranar wasan ƙarshe, baƙar ƙwallo kaɗai ta saura, wadda mai jefa ta rami shi ya ci, kuma sai ta gefe. Malam ya tsuguna, ya miƙe, gumi na ɗiga. Can ya haɗiye girman kai.

"Don Allah, yaya ake yi?"

"Gefen nan roba ce, Malam, ba allo ba. In ka maka, ta nutse ta dawo a tsuke. In ka lallaɓa, ta buɗe. Hannunka da nauyi, matsar da saitinka gaba, yatsa biyu."

Ya matsar. Ƙwallo ta faɗa rami salin alin.

"Kana da wannan shekara goma sha tara, ka yi shiru?"

"Ka taɓa tambaya?"

Malam ya yi dariya har hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Sai yau ya iya wasan, ga shi gobe da safe shi zai kai mutumin tasha.